Ko Fatalwar Ma Sai Mun Yi Aro?

Ranar kasuwar Tambuwal da ta wuce na sayi baƙin ciki da kuɗina. Na tsaya wurin wani mai baza littattafai a kan buhu, tsakanin mai turare da mai wayoyin caji, na ce ya ba ni Magana Jari Ce na ɗaya. 'Yata ta shiga aji huɗu, bakinta ya fara kama karatun Hausa, ni kuma na ƙudurta ba za ta girma ba ta san aku da Musa ba. Ya miƙo mini a leda, na biya abin da ya isa mudun gero biyu, na soke a aljihu ina murna. Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma, na kunna tocila, ta buɗe. Ba ta yi nisa ba ta ɗora yatsa a kan wani baƙin abu da ya cinye rabin shafi, ta ɗago kai ta ce, "Baba, wanga mine na?"

Na karɓa na duba. Na karkata shi dama, na karkata shi hagu, na matso da tocila. Wallahi ban gane ba. Inda zane yake a da, yanzu wani dabbaren baƙi ne kamar an kifar da kurtun tawada an bi ta kai da ƙafa. In ka ƙura ido har ya yi ruwa kana iya hango wani abu mai kama da rawani, shi ke nan. Ni da na haddace zanen littafin nan tun ina firamare, na kasa gaya wa 'yar cikina ko mutum ne ko doki. Takardar shara-shara, rubutun bayan shafi yana leƙo na gaba. Ƙugiyoyin haruffa sun narke, ba ka bambance ƙafa da kafa, ba ka bambance ɓari da bari, kuma yarinyar da yanzu take koyo haka za ta haɗiye su. A tsakiya wasu shafuka sun zo sau biyu, wasu ba su zo ba sam, ana cikin labari sai ka faɗa wani labarin kamar wanda ya taka rufaffiyar rijiya. Kafin mu tashi bangon ya rabu da jikinsa.

Da na sake cin karo da mai littattafan a bakin tasha na nuna masa. Ko gezau. Ya ce, "Malam, ai karatu aka biɗa, ba hoto ba. Dut haka sunka zo." Ban tsaya ja da shi ba, don shi ma saro ya yi. Wanda nake jin haushi yana can wani lungu a wani babban gari, ya aza tsohon kwafi a kan injin, ya ɗauki hoton hoton da aka ɗauka daga wani hoton, ya buga dubbai, ya manna bango, ya loda a mota. Bai biya iyalan marubuci ko sisi ba, bai biya kamfanin da ke da haƙƙin littafin ba, shi ma sata aka yi masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai hukumar kare haƙƙin mallaka a ƙasar nan, akwai sabuwar doka da aka sa wa hannu a 2023, amma ga kayan sata nan a shanye a rana kamar barkono, kowa na wucewa.

Ka tuna fa wane littafi ake yi wa wannan wulaƙanci. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, ya zauna wata shida yana rubutu a Hukumar Talifi tare da Dakta Rupert East, aka fara buga littafin a 1937. Kafin nan gasar 1933 ta haifar mana da Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ya kutsa har cikin aljanu, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi. Daga baya Iliya Ɗan Maiƙarfi ya zo, Dare Dubu da Ɗaya ya shiga kowane gida mai ɗan boko. Kamfanin Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur a 1945, NORLA ta yi zamaninta a shekarun 1950, NNPC ta littattafai ta gaje su a 1966. Mutanen nan sun yi aiki a lokacin da yawancin garuruwanmu ba su san lantarki ba, ana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma duk da haka suka ga bai kamata a miƙa wa yaro labari tsirara ba, sai da zane. Yau kusan shekara casa'in ke nan da fitowar Magana Jari Ce. Muna da kwamfuta a kowane shagon buga katin biki, muna da injin da ke fitar da fuskar ɗan takara mai tsawon gini, launi bakwai, ko ƙurjin goshinsa an goge. Amma littafin yara ya koma baya, ya fi na zamanin kakanninmu muni. Wannan wane irin ci gaba ne, in ba na mai haƙar rijiya ba?

Wani zai ce don zane kawai nake wannan tada jijiyar wuya. E, don zane. Wanda ya ce zane ƙari ne a labarin dare bai taɓa zama gaban tsohuwa mai tatsuniya ba. Ni na zauna. Duk hutun makaranta ana kai ni Kebbe wurin kakata ta wajen uwa, muna ce mata Inno. In an ci tuwo an kawar da akushi, sai ta jawo aci-balbal ta ajiye a gefen ƙafarta, mu jikoki mu kewaye ta, ƙanana a gaba, manya a baya suna nuna su ba sa tsoro. Inno ba ta san ko bihim ba a boko, amma tana da zanenta. Hannunta ne da inuwarsa. In ta zo wurin Dodo sai ta tanƙwashe yatsu ta matso da su kusa da wutar, inuwa ta hau danga ta kumbura har ta wuce tsayin rumbu. In ta zo wurin yarinyar nan mai taurin kai da ta ce ba ta auren mai tabo, har ta bi kyakkyawan baƙon da ya rikiɗe mata a tsakiyar daji, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bar ido ɗaya yana ƙyalli. In kuwa fatalwa ce, ba ta ɗaga murya. Ƙasa take yi da ita, ta maida ta ta hanci, ta ce doguwa ce, fara fat, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, in ka ɗaga kai don ka ga iyakarta sai ta ƙara tsawo, ka ƙara ɗagawa ta ƙara, har hularka ta faɗi. A nan za ta yi shiru. Ba ka jin komai sai kukan gyare da kwaɗin fadama. Daren nan ko fitsari ya matse ka sai ka ta da wani ya raka ka.

Akwai wata kuka a hanyar fadama da Inno ta ce mana Doguwa na zaune a cikinta. Da rana tsaka ma sai mun yi bisimilla mu ruga. Tsoron namu ne, da ƙasarmu aka gina shi: kuka da tsamiya, kufai, tsohuwar rijiya, guguwar tsakar rana, 'yan ruwa a gulbi, kyakkyawar mace a kasuwa wadda in ka dubi ƙasa sai ka ga kofato. Kuma tsoron yana aiki. Shi ya hana mu wanka a gurbi mai zurfi, shi ya hana mu yawo da almuru, shi ya koya wa 'yan mata kada su bi baƙon da ba a san asalinsa ba. Inno ta rasu, hannunta ya tafi da ita. Abin da zai tsaya a madadin wannan hannun a cikin littafi shi ne alƙalamin mai zane. Shi ne aka mayar dabbaren tawada.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru bayan kwana biyu. Na ba yarinyar labarin fatalwa yadda na ji shi, na miƙa mata fensir na ce ta zana mini. Ta duƙa, ta zana, ta kawo tana murmushi. Wani ɗan guntun abu ne kamar an kifa wa tulu farin zani, an huda ramuka biyu, ga hannuwa a buɗe, ga wata kabewa mai haƙora a gefe. Na ce ina kika ga wannan? Ta ce cikin waya. Kabewar da muke miyar taushe da ita, ita ce aka sassaƙa wa baki a bikin wasu mutane can Amurka, ta zagayo ta shigo kan 'yata ta zauna a gurbin Doguwa. Na yi mata bayani da baki, waya ta nuna mata da ido, kuma gani ya kori ji. Mun ari tufafi, mun ari abinci, mun ari waƙa, yanzu har abin da za mu ji tsoro sai an aiko mana. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Su waɗanda muke aron a wurinsu, ka ga yadda suke riƙon nasu. A Ingila an yi wani malamin jami'ar Kambirij, M. R. James, wanda ya saba tara abokansa da daddare lokacin Kirsimeti, a hasken kyandir, ya karanta musu labaran fatalwa da ya rubuta. Ka cire kyandir ka sa aci-balbal, ai zaman Inno ne. A 1904 aka tattara labaran a littafi. Wani saurayi abokinsa, James McBryde, shi ya ɗauki aikin zanen, ya gama guda huɗu kacal, ajali ya riske shi a wannan shekarar. Mai ɗab'i ya kawo shawarar a nemo wani ya ƙarasa, marubucin ya ƙi, aka fitar da littafin da zane huɗun nan. Ɗaya daga ciki wani abu ne da ya tashi daga yamutsattsen zanin gado ya tasam ma mutum a bakin taga. Yau fiye da shekara 120 ana sake buga zanen nan, layi-layi, tsaf, da sunan mai shi a jiki. Masu karatunsu har gardama suke a kan wane bugu ya fi wane, wane mai zane ya kama ruhin labari, wane ya kuskure. Haka Jamusawa suka yi da tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka fara fitarwa a 1812, kowane zamani da masu zanensa. Zane huɗun McBryde sun riƙe fiye da shekara ɗari. Mu muna da littafi cike da zane, mun bari ya narke a hannunmu cikin rayuwar mutum ɗaya.

Ga wani abin da in na tuna sai in ji kamar in yi kuka. Masu ɗinkin littattafan alfarma a Turai, in suna son fatar da za ta daɗe ba ta ruɓe ba, fatar jar akuyar Sakkwato suke nema. Tun zamanin ayari ake ƙetare Sahara da ita, har suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su. Akuyar da ke kiwo a bayan gidanmu, fatarta na can ta rungume labaran wasu a kan kanta, an yi mata ado da ruwan zinariya. Namu labarin kuma waya biyu ce ta riƙe shi, ita ma ta yi tsatsa. Kuma kada wani ya ce mana ba mu gaji girmama littafi ba. Tambuwal garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne, malami mawallafi. Shiga zauren duk wani tsohon gidan malamai a ƙasar nan a buɗe maka gafaka, ka ga takardun da suka girmi kakanka kwance cikin tadarishi, baƙar tawada da ja, ga zayyana a gefe, ba abin da ya goge. Mun iya. Sakaci muka yi.

Sakacin ma ya fi haka zurfi. A farkon mulkin Turawa, Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai suka rubuta masa tatsuniyoyi da labarai da ajami. Ya miƙa wa wani jami'in mulki, Frank Edgar, shi ma ya ƙara tarawa, yawanci daga lardin nan namu. Aka juya su zuwa boko, aka buga su juzu'i uku daga 1911 zuwa 1913, da sunan Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa. A ina? A birnin Belfast, can tsibirin Ayalan. Gizo da Ƙoƙi, da Dodo, da mayu, da aljanu, da labaran sarakuna, ɗaruruwa, da bakin mutanen ƙasar nan. Neil Skinner ya fassara su zuwa Turanci, juzu'in farko ya fito a Landan a 1969, sauran biyun a Amurka a 1977. Ɗalibi a Wiskonsin ta Amurka yana iya miƙa hannu ya zaro su. Ni da aka haifa a ƙasar da aka kwashe su, na yi shekaru ina leƙa shagunan littattafai daga Tambuwal zuwa Sakkwato, ban taɓa ganin an ajiye su ana sayarwa ba. Wa ya hana mu? Bature ya tafi tun 1960. Wa ya riƙe mana hannu ya ce kada mu zaɓo talatin daga ciki, mu gyara rubutun zuwa ƙa'idar yau, mu ba mai zane, mu buga wa yaran Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kuchi? Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna hanya da Tatsuniyoyi da Wasanni tun farkon shekarun 1970, littafi shida. Je ka nemi cikakken jerin yau, mai tsabta, ka dawo ka ba ni labari.

Na san amsoshin da ake bayarwa, na ji su har sun gundure ni. Ta farko, wai hoto haramun ne, tatsuniya kuma ƙarya ce da hululu. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba, kuma ina girmama wanda ya guji zanen mai rai tsakaninsa da Allah, ya kuma guje shi ko'ina. Wanda ba zan ɗaga wa ƙafa ba shi ne mai tsoron Allah a littafin yara kaɗai. Mutumin da ya yamutsa fuska don an zana aku, shi ne a zaɓen 2023 ya bi dare da bokitin koko yana liƙa fuskar ɗan takara a bangon makaranta, da jikin bishiya, har da katangar maƙabarta. Hoton ubangidansa na manne a gilashin motarsa. Wayarsa cike take da fina-finan Indiya masu fassara, ciki har da na fatalwa, mace mai gashi har gadon baya tana tafiya da baya-baya, 'ya'yansa na kallo har sha biyun dare. Shi ne kuma mai tura wa jama'a bidiyon ruƙiyya, an tasa baiwar Allah a gaba tana birgima, an kunna kyamara, wai aljani na magana. Wannan duk bai dame shi ba. Sai an zo kan Gizo imaninsa ke motsawa. Ita tatsuniya ai ba ta taɓa yaudarar kowa ba, mai yin ta da bakinta take rufewa da ambaton Gizo da ƙarya, kowane yaro ya san wasa ne. Mun san wanda ya mutu ba ya dawowa, Inno ma ta sani, ba ta taɓa sakin salla ba. A Kano a 2007 har tara littattafan Hausa aka yi aka cinna musu wuta a gaban 'yan makaranta da sunan gyaran tarbiyya. Ƙonawa ba ta da wuya. Me aka buga aka miƙa wa yaran a madadinsu?

Kuma ko a bi ra'ayi mafi tsanani, ƙofa ba ta rufe ba. Mai zanen da ya san aikinsa ba sai ya nuna fuskar fatalwa ba. Ya zana kuka ita kaɗai a fili da farin wata a bayanta. Ya zana ƙofar zaure a buɗe, fitila a ƙasa, takalmi ƙafa ɗaya. Ya zana guga a bakin rijiya, igiya na lilo, ba kowa a wurin. Yaro zai cika sauran da kansa, kuma abin da zai cika ya fi duk abin da alƙalami zai iya. Shirun Inno ya fi muryarta ban tsoro.

Amsa ta biyu, wai ba mu da masu zane. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi, don ƙarya ce tsagwaronta. Mutanen da suka fitar da aska takwas a gaban riga, suka yi dagi a bangon soro, suka ƙawata ƙwarya da wuƙa mai zafi, su ne ba su iya zane ba? A Zariya, garin da aka buga su Magana Jari Ce, akwai makarantar zane da ta yi suna a Afirka tun shekarun 1950, tana nan a Jami'ar Ahmadu Bello har gobe. A can Bruce Onobrakpeya ya yi karatu. Shi ya zana hotunan fassarar da Wole Soyinka ya yi wa littafin D. O. Fagunwa na dajin aljanu, wanda aka rubuta da Yarbanci a 1938, fassarar ta fito a 1968, kuma an sake buga ta a Amurka da zanen nasa. Shi ne ma ya zana littafin Cyprian Ekwensi na 1962 wanda labarinsa ɗaya ne da na Jiki Magayi. Ka ji fa. Labarin ƙasar Hausa ya samu ƙwararren mai zane lokacin da labarin ya sa rigar Turanci. Yarbawa sun ɗauki dodanninsu sun kai kasuwar duniya, da hannun wanda Zariya ta koyar. Mu da Zariyar ke tsakar gidanmu muna cewa babu. Yaron da ke zana zaki da dawisu a bayan tifa da motocin katako fa? Wanda ke rubuta allon shago a bakin tashar Tambuwal fa? Akwai hannu. Ba a kira su ba ne, in an kira su kuma ba a biya, in an biya ba a sa suna.

Maimakon haka me muke gani? Littattafan yaƙi da na aljanu da aka yi ta bugawa a Kano, marubutan sun yi ƙoƙari, sun riƙe mana karatu lokacin da kowa ya saki, amma dubi bangon. An yanko wani ƙaton Bature mai takobi daga fostar fim, an liƙa masa 'yar fim ɗin Indiya a gefe, an sa ƙoƙon kai a ƙasa. Yanzu kuma an samu ƙirƙirarriyar basira, sai mutum ya latsa waya ta amayo masa aljani mai ƙaho da jar fata da wutsiya, a gaban wani gidan dutse da dusar ƙanƙara a rufinsa, ya rubuta sunan Hausa a sama ya ce ya yi bango. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Injin bai taɓa wucewa ta gindin tsamiya da almuru gabansa na faɗuwa ba, ina zai san abin da zai zana?

Amsa ta uku ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya: takarda ta yi tsada. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun durƙushe, kusan komai daga waje ake shigo da shi, darajar naira kuma kowa ya ga yadda ta zube tun 2023. Na yarda. To amma takardar kalandar da ake rabawa kyauta duk shekara, mai fuskar mutum ɗaya a wata goma sha biyu, daga sama take faɗowa? Littafin jawabin taro mai sheƙi, wanda ake bari a kan kujera a tashi, mai ƙosai ta kwashe, shi ba takarda ba ne? Kuɗin fostar ɗan takarar kansila ɗaya ya isa a biya mai zane ya zauna wata uku a kan littafi. A ƙarshen 2015 an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan, ana maganar ajujuwa da kujeru da malamai, kuma duk ana bukatarsu. Amma yaron da ka zaunar a sabuwar kujera, me za ka miƙa masa ya buɗe? Yaro ba ya ƙaunar karatu don an ce masa zai fito a jarrabawa. Yana ƙaunarsa ne ranar da ya ga wani zane ya tsaya masa a rai, ya matsu ya san me ya faru, ya bi haruffa da yatsa har ya gano. Mu ma iyaye ba mu fita ba. Mukan sayi katin waya na dubu ba mu ji komai ba, in an ce littafi dubu biyu sai mu ce an yi tsada, mu ɗauki na ɓarawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da nake nema ba gagara-badau ba ne. A Sakkwato akwai Cibiyar Nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, akwai malaman da suka ƙare rayuwarsu a kan tatsuniya da camfi da iskoki. Akwai attajirai a Tambuwal da Kebbe da ke raba babura da buhunan shinkafa. Mutum ɗaya daga cikinsu ya ce ga kuɗin littafi ɗaya. Guda ɗaya tak. Labaran dare na ƙasar nan, takarda mai kauri, ɗinki da zare, kowace ƙugiya a wurinta, shekarar bugu a rubuce, sunan tsohuwar da ta ba da labari da garinsu, sunan mai zane a bango daidai da na marubuci. A kawo mai zanen ya kwana bakwai a Kebbe, ya ga yadda hazo ke kwanciya a fadama da asuba, ya ga kuka da idonsa kafin ya taɓa alƙalami.

Kuma a yi da sauri, don lokaci ba ya jiranmu. Zaman dare a waje ya ja baya a ƙauyukanmu da yawa, abin da ake tsoro yanzu a kan babur yake zuwa da bindiga, ana yin isha'i kowa ya ja ƙyaure. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A gidanmu na Kebbe saura Goggo kaɗai, autar Inno, idonta ya yi hazo, haƙora sun zube. Wancan makon na je da littafin rubutu na zauna gabanta. Ta ba ni guda huɗu, a ta biyar ta tsaya a tsakiya, ta daɗe tana murza goshi, ta ce, "Ɗana, ta ɓace min. Inno ce ta san ƙarshenta." Na rufe littafin da rabin shafi fari. Na leƙa hanyar fadama kafin in hau mota, kukar ma an sare ta.